Kalmar "Kwantum" Ta Riga Na'urarta Isowa Kan Iyaka: Abin Da Ya Kamata Matasan Illela Su Sani

Kusan babu abin da ba ya ratsawa ta Illela. Garin yana kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato, kuma tsakaninsa da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Ranar Lahadi, idan kasuwa ta cika, shanu da raƙuma da albasa da wake da atamfa da wayoyin hannu da kwalayen magani duk sauya hannu suke yi. Muhimmancin wannan ƙofa ne ya sa ta shiga cikin iyakoki huɗu na farko da gwamnatin tarayya ta buɗe a Disambar 2020, bayan rufewar da aka yi tun Agustan 2019.

Kamar yadda kaya ke tsallaka iyaka, haka kalmomi ma ke tsallakawa. Wadda ke tashe a 'yan shekarun nan ita ce "kwantum". Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum, bisa ƙudurin da Ghana ta gabatar mata. A daidai wannan lokaci kuma, a garuruwan Nijeriya da dama, ana ganin masu tallan maganin ƙarin kuzari ɗauke da wata 'yar akwati haɗe da laftof, suna cewa na'urar kwantum ce mai karanta lafiyar jiki gaba ɗaya cikin minti guda.

Sensar kwantum ta gaskiya tana nan, tana iya jin maganaɗisun da ke cikin ƙwayar sinadari, kuma wata rana za ta iya amfanar gari irin Illela fiye da yadda za ta amfani Landan. Amma har yanzu tana ɗakin bincike. Wadda ta riga ta iso kasuwa sunan kawai ta ara. Matashin da ke riƙe da waya shi ne ya fi kowa damar bambance su, shi ne kuma ya kamata ya tsaya tsakanin iyayensa da masu wannan ciniki.

Sensar da ke cikin aljihu

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar neman alƙibla ya yi aiki da sensar maganaɗisu. A cikin wayoyi da yawa akwai wani ɗan guntu da bai fi ƙwayar gero girma ba, aikinsa auna maganaɗisun duniya. Idan manhajar ta ce a juya wayar a iska kamar ana rubuta lamba 8, wannan guntun ake saitawa. Ƙarfin maganaɗisun duniya yana tsakanin maikrotesla 25 zuwa 65, gwargwadon inda mutum yake, kuma wannan bai fi ƙarfin wayar ba.

Jikin ɗan Adam ma yana fitar da maganaɗisu, sai dai rauninsa ya wuce misali. Na bugun zuciya ya fi na duniya rauni kusan sau miliyan guda. Na ƙwaƙwalwa ya fi wannan ma rauni nesa ba kusa ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Nottingham da ke Ingila sun nuna wata hula mai ɗauke da sensocin kwantum da ke iya jin maganaɗisun ƙwaƙwalwa, amma sai an shigar da mutum wani ɗaki na musamman da aka lulluɓe da ƙarfen da ke tare maganaɗisun waje. In ba haka ba, motar da ta wuce a titi ma ta isa ta ɓata awon.

Idan aka gangaro kan ƙwayar sinadari guda, wato molekul, abin ya ƙara wuya. Tsakiyar ƙwayar haidirojin, wadda ke cikin ruwa da jini da kusan kowane magani, tana aiki kamar ɗan mitsitsin maganaɗisu. Da wannan na'urar MRI ta asibiti ke ɗaukar hoton cikin jiki. Amma kafin ta ji wani abu sai ta yi amfani da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, wanda ya ninka na duniya sau dubbai, kuma sai ta tattara amon ƙwayoyi marasa ƙidayuwa a lokaci guda.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin da ita za a auna duk abin da ke tafe. Ƙarfin ƙaramin maganaɗisu yana faɗuwa da sauri idan aka yi nesa da shi. In aka ninka tazara sau biyu, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin takwas. In aka ninka sau goma, kashi ɗaya cikin dubu. Saboda haka duk mai son jin molekul guda, dole ya kai sensarsa dab da ita.

Aibin da ya zama baiwa

Amsar da masana suka samo tana cikin daimon, kuma ba irin na kwalliya ba, wanda ake haɗawa a masana'anta. Daimon zallar kabon ne da aka jera cikin tsari. Wani lokaci ƙwayar naitirojin kan zauna a mazaunin kabon guda, kusa da ita kuma a sami gurbi babu komai. Wannan aibi shi masana ke kira cibiyar NV. Ilektiron ɗin da suka maƙale a wurin suna aiki kamar allurar kamfas wadda girmanta bai wuce na ƙwayar zarra ba.

Yadda ake karanta ta abin sha'awa ne. Idan aka haska mata koren hasken leza, sai ta mayar da jan haske. Idan kuma aka aika mata igiyar maikrowef a kan mita gigahaz 2.87, kusa da gigahaz 2.4 da Wi-Fi ke amfani da shi, sai jan hasken ya ɗan dushe. Da zarar wani maganaɗisu ya matso, mitar da hasken ke dushewa a kanta sai ta gusa. Daga yawan gusawar ake lissafa ƙarfin maganaɗisun. Babban abin da ya fifita ta shi ne tana aiki a yanayin ɗaki. Tsofaffin sensocin kwantum da ake kira SQUID sai an sanyaya su da ruwan hiliyom zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri.

Tarihin abin bai da tsawo. A 1997 Jörg Wrachtrup da abokan aikinsa a Chemnitz ta Jamus suka fara karanta cibiyar NV guda ɗaya tak. A 2008 masu bincike a Harvard ta Amurka da Stuttgart ta Jamus suka nuna za a iya auna maganaɗisu da ita. A 2013 rukuni biyu, na kamfanin IBM a Kalifoniya da na Stuttgart, suka ji amon haidirojin daga wani ɗan wuri mai faɗin 'yan nanomita. Nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita, kuma kaurin silin gashi guda ya kai dubbanta. A 2015 rukunin Jiangfeng Du a Hefei ta ƙasar Sin ya karanta amon furotin guda ɗaya. A 2018 kuma masu binciken Harvard suka iya tantance sinadarai daga ruwan da bai kai ɗigo ɗaya da aka raba gida miliyan ba.

A duk waɗannan gwaje-gwaje abu ɗaya bai canza ba. Abin da ake aunawa yana kwance ne a kan fuskar daimon ɗin, tazararsa da sensar ba ta kai kaurin gashi ba, a kan teburin da ba ya girgiza.

Me zai kai wannan Illela?

Abu biyu ne, kuma dukansu batun rai ne.

Na farko zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Binciken ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, a Kebbi maƙwabciyar Sakkwato kuwa kashi 49. Ƙwayar maleriya tana cin jan sinadarin jini, sannan ta dunƙule ragowar, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, zuwa wasu ƙananan duwatsu da ake kira himozoyin. Waɗannan duwatsu suna amsa maganaɗisu. A 2019 masu bincike a Jami'ar New Mexico ta Amurka sun yi amfani da sensar daimon sun auna maganaɗisun irin waɗannan duwatsu ɗai-ɗai.

Wannan yana da muhimmanci domin tsinken gwajin gaggawa da ake amfani da shi a asibitocin karkara galibi wani furotin mai suna HRP2 yake nema, kuma an sami ƙwayoyin maleriya da suka daina samar da shi. A 2016 sai da Eritiriya ta sauya irin tsinken da take amfani da shi saboda haka. Ƙwayar cutar na iya ɓoye wannan furotin, amma muddin tana cin jini sai ta bar himozoyin. A wani ɓangaren, a 2020 rukunin Rachel McKendry a University College da ke Landan ya saka ƙurar daimon a cikin tsinken gwaji na takarda, ya nuna cewa a ɗakin bincike zai iya fin na yau kaifi har sau 100,000, kuma da ƙwayar HIV aka yi gwajin.

Na biyu jabun magani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Mutanen wannan yanki sun san abin da hakan ke nufi. A annobar sanƙarau ta 1995 a Nijar, hukumar ta ce an yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, aka kuma danganta mutuwar mutum 2,500 da ita. A 2015 ta sake fitar da gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau a Nijar. A Nijeriya, maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009, saboda gubar da ta shiga ruwan haɗinsa.

Kowane sinadari yana da irin amon maganaɗisunsa, kamar zanen yatsa. Na'urar da ke karanta wannan amo a yau galibi babba ce, mai tsada, mai buƙatar ruwan hiliyom, shi ya sa aka fi samun ta a manyan ɗakunan bincike. Idan sensar daimon ta kai ga ƙanƙantar da wannan aiki zuwa girman akwati, jami'in da ke bakin iyaka zai iya ɗiga maganin tari a kai ya san abin da ke ciki kafin mota ta wuce Gwadabawa.

Me ya hana ta zuwa yanzu?

Har yanzu ba a kai nan ba, kuma duk wanda ya ce an kai yana da abin sayarwa. Na'urar na buƙatar leza da madubai da injin maikrowef da wutar da ba ta rawa. Zafi ma yana gusar da mitar cibiyar NV, don haka na'urar da aka saita a ɗaki mai sanyi sai an yi mata dabara kafin ta yi aiki a Illela cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ga ƙurar hunturu, ga janareto da babura da ƙarafan rumfuna, kowanne da nasa maganaɗisun. Sannan kafin a yarda na'ura ta yanke hukunci kan jinin yaro, sai an gwada ta a kan marasa lafiya masu yawa an kwatanta da madubin likita. Wannan aikin shekaru ne.

Wadda ta ari sunan

A nan ne 'yar akwatin masu talla ta shigo. Sunan da aka fi rubutawa a jikinta shi ne Quantum Resonance Magnetic Analyzer. Ana miƙa wa mutum wani ɗan sandan ƙarfe ya riƙe, a shigar da sunansa da shekarunsa da tsayinsa da nauyinsa, bayan minti guda laftof ta fito da shafuka masu launi kan hanta da ƙoda da ƙashi da sinadaran jiki. A ƙarshe kuma, kusan kullum, akwai maganin da za a saya a wurin mai na'urar.

Mai karatu ya dawo da ƙa'idar tazara. Masana masu leza da teburin musamman sai sun kwantar da abu a kan fuskar daimon kafin su ji shi. Masu hular Nottingham sai sun shiga ɗaki mai sulke. Ta yaya sandan da ke cikin tafin hannu zai ji maganaɗisun ƙwayoyin ƙoda daga nisan kamu biyu, a tsakiyar kasuwa, kusa da janareton mai cajin waya? Babu wani sahihin binciken likitanci da ya tabbatar da cewa wannan na'ura tana gano cuta.

Duniya ta taɓa ganin irin wannan, kuma an biya da rayuka. Wani ɗan kasuwar Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa ƙasashe da dama wata na'ura mai suna ADE 651, wadda ya ce tana gano bam da ƙwaya daga nesa, yana kuma yi mata ado da kalmomin kimiyyar maganaɗisu. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf da bai fi dala 20 ba, amma an sayar da guda har dala 40,000. Iraƙi ta kashe miliyoyin daloli a kanta, kuma Nijar na cikin ƙasashen da aka damfara. A Mayun 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara goma. Duk da haka sai a Yulin 2016, bayan harin unguwar Karrada a Bagadaza da ya kashe mutum sama da 300, firaministan Iraƙi ya ba da umarnin a janye ta daga shingayen bincike. Manyan jami'ai ne suka saye ta.

Wani zai ce ai na'urar kasuwa ba ta kashe kowa, kuma tana sa mutane su damu da lafiyarsu a inda likita ya yi ƙaranci. Gaskiya ne likita ya yi ƙaranci, wannan ne ma ya buɗe wa masu ita kasuwa. Amma sakamakon ƙarya yana cutarwa ta fuska biyu. Mai hawan jini ko ciwon suga da aka ce masa lafiyarsa ƙalau zai koma gida ya kwanta. Lafiyayye kuma da aka ce hantarsa ta taɓu zai sayar da akuya ya sayi kwalaben da ba ya buƙata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani kuma zai ce me ya haɗa Illela da daimon da leza, alhali wani asibitin karkara tsinken gwajin maleriya ma yankewa yake yi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma in kuɗi ne a hannun gwamnati yau, tsinken gwaji da gidan sauro da ingantaccen magani ne suka cancanci a fara saya. Sai dai sanin yadda fasahar ke aiki ba ya cin kasafin kuɗi, kuma shi ne katangar da za ta hana a sayar wa mutum ɗaya, ko ma hukuma, kwali a farashin daimon.

Abin da mai waya zai iya yi

Gani ya kori ji. Akwai manhajar kyauta mai suna phyphox, wadda Jami'ar RWTH ta birnin Aachen a Jamus ta ƙirƙira, tana nuna lambobin da sensar waya ke karantawa kai tsaye. Matashi ya samo ƙaramin maganaɗisu daga tsohuwar sifika, ya kusanto da shi sannu a hankali ba tare da ya manna shi a jikin wayar ba, sannan ya ja da baya. Zai ga lambar ta yi sama, ya kuma ga yadda take rugujewa da ya matsa taƙi ɗaya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara yarda da sandan da ke jin ƙoda daga tafin hannu ba.

Idan kuma aka kawo irin wannan na'ura unguwa, akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar faɗa. A auna mutum ɗaya sau biyu, a karo na biyu a canza suna da shekaru. A kuma naɗe sandan da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da kowa ya riƙe ba, a ga ko za ta fitar da rahoton hanta. Sannan a tambayi mai ita abu uku: wace ƙwaya take aunawa, a wane asibiti aka kwatanta ta da gwajin jini, ina kuma lambar rajistarta ta NAFDAC? Na'urorin lafiya ma suna ƙarƙashin dokar rajistar hukumar, kamar magani.

A kan magani kuwa, akwai kayan aikin da suka riga suka iso. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin kankare lamba a jikin kwali a tura ta saƙon tes, musamman ga magungunan maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, kuma tana da manhajar Greenbook ta duba kayan da ta yi wa rajista. A wajen wannan lokaci ne kuma, zamanin Paul Orhii, ta fara amfani da TruScan, na'urar hannu mai tantance ƙwayar magani da hasken leza. Waɗannan ba kwantum ba ne a bakin 'yan talla, amma an san yadda suke aiki, an kuma san iyakarsu.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Ya kamata NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta jihar Sakkwato su yi magana da Hausa, a rediyo da Facebook da TikTok, kan waɗannan na'urori, maimakon barin mutane da hasashe. Duk hukumar da ke aiki a bakin iyaka, in aka kawo mata na'urar gano kaya, ta sa sharaɗin gwaji ido rufe a filin Illela kafin ta biya ko kwabo. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai sashen fiziya da tsangayar harhaɗa magunguna da asibitin koyarwa a gari ɗaya, tana da abin da masu binciken Turai da Amurka ba su da shi: marasa lafiyar da ake magana a kansu, da zafi da ƙurar da na'urar za ta jure. Haɗin gwiwar da za a nema da wannan jari ya fi jiran ranar da za a kawo na'urar a kwali.

Sensar kwantum ta gaskiya za ta iso wannan yanki, ko ba jima ko ba daɗe, kamar yadda wayar hannu ta iso. Alamar gane ta ita ce masu ita za su faɗi abin da take aunawa, su faɗi inda take kuskure, su kuma yarda a gwada ta a gaban kowa. Kafin wannan rana, mai zazzaɓi a Illela ya nufi inda za a ɗauki jininsa a gwada, ɗansa mai waya kuma ya raka shi ya kankare lambar da ke jikin kwalin maganin.